Zazzaɓin Tsohuwa

Mun baro Aliero da buhu ashirin da biyu,
albasa har ta fi kan mota, igiya ta ci jikinta.
Ba mu hango Jega ba allura ta tashi,
ta wuce tsakiya, ta jingina da ja
ta ƙi dawowa.

Na kashe ta a gefen titi, ba ta yi shiru ba,
cikinta na ɓararraka kamar tukunyar wake.
Hantsi, yaron motata, ya kai hannu ga murfin lagireto.
Na buge hannun. Na nuna masa nawa,
tabon da na saya a hanyar Kalgo
da kuɗin gaggawa, shekara tara ke nan.

Malam Nomau ya iso kan babur bayan azahar,
sifanu na kuka cikin tsohon buhun shinkafa.
Bai taɓa ta ba. Ya zauna, ya ɓare goro.
Ya ce mai zazzaɓi ba a yi mai tambaya
sai ya huce.

Da ta huce ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashinta.
Ƙasa a bushe, ko ɗigo babu.
Ya danna fambel da babban yatsa, bai saki ba.
Ya girgiza fanka, ya kasa kunne ga famfon ruwa
kamar mai sauraron ƙirjin jariri.

Sannan ya zaro sandar mai.
Nan na riƙe numfashi,
don na san in ya fito fari-fari kamar koko da nono
gasket ya ƙone, rabin lodin nan ya tafi,
da kuɗin makarantar Asabe, da takin bana.
Ya fito baƙi wuluk.
Ban taɓa murna da baƙin abu haka ba.

Tada ta, in ji shi. Na tada.
Ya zuba wa bakin lagireto ido, ko kumfa zai taso.
Bai taso ba. Salansa ma bai yi farin hayaƙi ba.
Hantsi ya ce to ko sammu ne.
Malam Nomau ya tofar da goro, bai ko dube shi ba.

Ya shafa tafinsa a fuskar lagireto,
nan zafi, nan sanyi kamar randa.
Ya sa tocila ta baya, haske ya ƙi ratsawa.
Ya karyi tsinke ya shiga sakace mata haƙora:
ɓawon albasa, ƙaiƙayi, fiffiken fara,
laka ta damina uku ta zama bango.
Abin da take ɗauka don mu ci
shi ya toshe mata hanci.

Da ya kwance tiyon ƙasa
ruwa ya zubo ja, mai kauri, kamar kunun kanwa.
Mi kaka ba ta sha? Ya tambaye ni.
Na ce abin da ya samu, gulbi, fadama, kududdufi.
Ya ce tsohonka jarka gare shi, shuɗiya,
ruwan rijiya, sai ya tace da ƙyalle.
Ina jarkar?

Tana bayan kujera. Fetur nake sayowa a ciki.
Ban faɗa masa ba.

Mun wanke ta ciki da waje har la'asar ta yi sanyi.
Ya karɓi dubu huɗu da kwanon albasa,
ya zaɓi ƙanana, wai sun fi yaji.
Mun shiga Jega dillalai na naɗe tabarma,
kowane buhu ya faɗi da ɗari biyar.

A hanyar gida ido ɗaya na kan titi,
ɗaya na kan allura.
Tana kwance ƙasa da tsakiya, tana rawa kaɗan.
Hantsi ya yi barci, sabuwar jarka a cinyarsa,
ruwan ciki na cewa cakal, cakal, a kowane rami.